Macijin da aka ɗinke wa baki

Mai karatu, bari in fara da abin da ido na ya gani kafin in cika ka da surutu.

Watannin baya na bi wasu 'yan fim lokeshin a wani ƙauye da ke bayan Kano don in rubuto rahoto. A cikin labarin akwai fitowar da uwargida ta je wurin boka, shi kuma ya turo wa amarya maciji har kan gadon ta. Ka san irin labarin, ba yau aka fara ba. Furodusa ya yi hayar wani gardi, ya zo da kwandon sa, ya zazzage wani kumurci baƙi wuluk a tsakar gida. Nan take wuri ya watse. Jarumar ta rantse ko za a ninka mata kuɗin ta sau goma ba za ta hau gadon nan ba. Gardin ya yi dariya, ya damƙi wuyan macijin ya ce kowa ya matso ya gani. An ɓalle haƙoran dafin, sannan an ɗinke bakin da baƙin zare, an bar 'yar kafa ta inda harshe zai riƙa fitowa. Sai kowa ya saki jiki, har da masu ɗaukar hoto da shi a waya.

Sau bakwai aka maimaita fitowar a ƙarƙashin fitila mai zafi. A ƙarshe labarin ya ce miji zai shigo ya kashe macijin da taɓarya. Darakta ya ce a yi na gaske kawai, ya fi fitowa. Aka ƙara wa gardi kuɗi, jarumi ya ɗaga taɓarya, aka yi. Da darakta ya ce "Kot!" kowa ya tafa. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye maka ba.

Sai da na kwanta da dare abin ya dawo mani. Wannan halitta ba ta iya sara, ba ta iya ci, ba ta ma iya shan ruwa yadda ya kamata. To a kan wane laifi aka yanke mata hukunci? Tambayar da na ke so mu tattauna ke nan a wannan wata: abin da mu ke tsoro, ko mu ke ƙi, shin ya na da wani haƙƙi a kan mu, ko kuwa tsoron da mu ke yi masa ya halasta mana komai?

Na san me za ka ce, kuma ka na da gaskiya. Maciji ba ɗan tsako ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum tsakanin 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, ban da waɗanda ake yanke wa ƙafa ko hannu, kuma a 2017 ta saka shi a sahun gaba na cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Mu nan ba sai an ba mu labari ba. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti sukutum na masu saran maciji, kuma da damina ta kama, ko lokacin girbi, daga Taraba da Adamawa da Bauci ake ta kwararowa da mutane. Yawancin su manoma ne da makiyaya da yaran da aka aika itace. Babbar mai aika-aikar kuwa ita ce kububuwa, wadda tsawon ta bai cika kai kamu biyu ba. Dafin ta hana jini daskarewa ya ke yi, sai ka ga mutum ya na zubar da jini ta dasashi da tsohon miki, ciki kuma ya na ta tsiyaya ba a gani. Ba banza ba aka yi mata laƙabi da gobe-da-nisa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar ƙanen sa a babur cikin dare ya nufi asibiti da kumburarriyar ƙafa, in ka zo masa da zancen haƙƙin maciji sai ya ga kamar ka raina masa hankali.

Ko tarihin mu ma da kisan maciji ya fara. Labarin Daura ya ce maciji ne ya tare rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare masa kai, Daurama ta aure shi. Amma ka duba labarin da kyau. Macijin Kusugu ya hana gari guda shan ruwa ne. Akwai cuta a fili, kisan kuma ya kawar da ita. Haka manomin da ya tarar da kasa a cikin damin dawa, ko uwar da ta ga gamsheƙa a ɗakin da yara ke kwana. Ni ban ga mai hankalin da zai ce su tsaya yin shawara ba. Abin da ya faru a lokeshin ɗin mu wani abu ne dabam. Babu wanda ke cikin haɗari. Mu ne mu ka aika aka tono shi daga ramin sa, mu ka biya aka lalata masa baki, mu ka kuma biya aka farfasa masa kai. Mun ari hujjar manomin Kaltungo mun yi nishaɗi da ita, alhali shi manomin bai san ma ana yi ba.

Abin da ya fi damu na a matsayi na na mai sharhin fim shi ne, kusan duk abin da mu 'yan birni mu ka sani game da maciji a talabijin mu ka koye shi, kuma rabin sa ƙarya ne. Wa bai kalli Nagin ba, fim ɗin Rajkumar Kohli na 1976, inda Reena Roy ta fito a macijiyar da aka kashe wa miji, ta ga hoton makasan a cikin idon gawar sa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya? Ko Nagina na 1986, inda Amrish Puri ke busa Sridevi na birgima a ƙasa? Na kalle su ina yaro a faifan sidi a ɗakin yayar mu, na sake kallon su da fassarar Hausa, kuma har gobe ina son su. Finafinai ne masu daɗi. Sai dai maciji ba ya ɗaukar hoton kowa a ido, ba ya riƙe gaba, ba ya neman fansa. Yawancin su ma ba sa zaman aure, da an yi barbara kowa ya kama gaban sa. Batun rawa da busa kuwa, maciji ba shi da kunne a waje. Motsin ƙasa ya fi ji, ta ƙashin muƙamuƙin sa, sai ɗan sauti mai kauri. In ka ga ya fasa kai ya na lilo a gaban mai busa, bakin abin busar ya ke bi da ido don ya ɗauka abokin gaba ne. Abin da mu ke kira rawa, shi a wurin sa tsoro ne.

Harshen nan da ya ke zarowa, wanda yara ke cewa da shi ya ke harbi, hancin sa ne na biyu: ya na ɗauko ƙamshi daga iska ya kai wata 'yar gaɓa a saman bakin sa, da haka ya ke gane ina ɓera ya bi. Ba ya ƙifta ido ne don ba shi da fatar ido, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe ƙwayar, in zai yi saɓa har da shi ya ke tuɓewa. Cikin nau'in macizai kusan 4,000 da ke duniya, kimanin 600 ne masu dafi, kuma wajen 200 ne dafin su ke yi wa mutum mummunar illa. Mesa duk girman ta ba ta da dafi. Shi kan sa dafin don farauta aka halitta masa, ba don mu ba, kuma sake tara shi na ɗaukar lokaci, shi ya sa maciji ya fi son ya gudu ko ya yi huci. Akasarin sara na faruwa ne idan an taka shi, ko an zura hannu inda ya ke, ko an tsaya kashe shi.

Amma mu mun ɗora masa duk wani mugun hali namu. Munafuki macijin ƙaiƙayi ne. A 2018 har wata ma'aikaciyar hukumar JAMB a Makurɗi ta ce maciji ne ya haɗiye naira miliyan 36 a ofis. Allah sarki, shi da ko aljihu ba shi da shi!

Akwai wata ƙaryar fim da ta fi waɗannan haɗari, don ita rai ta ke ci. Sau nawa ka ga maciji ya sari jaruma, jarumi ya yage rigar sa ya ɗaure ƙafar tamau, ya tsaga wurin da wuƙa, ya kafa baki ya zuƙe dafin ya tofar, ta buɗe ido a shiga waƙa? Likitoci sun hana duk waɗannan. Ɗaurin tamau na iya kashe ƙafar har a yanke ta, tsagawa ga wanda kububuwa ta sara buɗe wa jini hanya ne, zuƙa kuma ba ta fitar da komai. Baƙin dutsen da ake mannawa ma haka. Abin da aka ce a yi shi ne a cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai shi asibiti da gaggawa. Ka ga ke nan fim ɗin da bai damu da gaskiya game da maciji ba, ƙarshe mutum ma ya na cutarwa.

To maganin da ake bayarwa a asibitin daga ina ya ke fitowa? Daga macijin. Ana tatsar dafin sa da ran sa, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allura kaɗan-kaɗan har jinin su ya samar da abin da ke karya dafin, sannan a tace. Maganin EchiTAb da aka yi domin macizan Nijeriya haka aka samar da shi: an kwashi macizan mu zuwa wata makarantar likitanci da ke Libaful a Ingila ana tatsar su, ana haɗa maganin a Birtaniya da Kosta Rika. Haka kuma maganin hawan jini mai suna captopril, wanda aka fara sayarwa a 1981, daga binciken dafin wani macijin Burazil aka gano shi. Wataƙila akwai tsoho a gidan ku da ke shan irin sa. Ban da wannan, ka tambayi kan ka su wa ke rage ɓerayen da ke cinye rumbu, su na kuma yaɗa zazzaɓin Lassa.

Yanzu bari in juya ga ɗan'uwan sa, don labarin sa ne ya sa na gane cewa matsalar ba ta tsoro kaɗai ba ce.

Kunkuru babu wanda ke tsoron sa. Son sa ma mu ke yi. A tatsuniya wayo gare shi, a karin magana ya so dambe ba shi da yatsa, a gidajen sarauta da na attajirai kuwa ajiye shi ake yi, wasu don ado, wasu don sun yarda ya na tare sammu. A fadar Soun na Ogbomosho an yi wani mai suna Alagba, da masu yi masa hidima na musamman, ya mutu a 2019, aka ce shekarun sa 344, ko da ya ke masana sun ce lissafin ya yi yawa. Wanda aka fi amincewa da tsufan sa shi ne Jonathan na tsibirin Sant Helena, wanda aka yi wa bikin cika shekara 190 a 2022.

Babban kunkurun da ka ke gani a irin waɗannan gidaje ɗan yankin Sahel ne, daga Senegal da Mali da Nijar da Cadi har Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma a duniya, babban namiji na iya kusantar kilo 100. A daji ciyawa ya ke ci, ya haƙa rami mai zurfi ya shige ya jira zafi ya wuce. Mace na yin fiye da shekara goma kafin ta fara ƙwai, kuma cikin 'ya'yan da ta ƙyanƙyashe kaɗan ne ke tsallake bakin tsuntsaye da dila. Saboda haka duk babbar macen da aka ɗauke daga daji aka kai gidan Alhaji, an ɗauke ƙwan shekaru masu yawa ne tare da ita. A yau ya na cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci. A Noflaye ta Senegal har ƙauye aka ware ana rainon su, ana mayar da wasu daji.

Mu kuwa yaya mu ke riƙon sa? Muna yara akwai wani a gidan maƙwabtan mu. An huda gefen ƙoƙon bayan sa da ƙusa an zura igiya, an ɗaure a gindin dalbejiya a kan siminti. Mu hau bayan sa mu na sukuwa, mu kifar da shi mu na dariya ya na ta wutsil-wutsil, mu zuba masa ɗumamen tuwo da ƙashin nama. Duk a cikin so ne fa. Sai da na girma na san cewa ƙoƙon nan ba riga ba ce da ya ke shiga ya fita. Haƙarƙarin sa ne da ƙashin bayan sa su ka haɗe su ka zama rufi, akwai jini da jijiyoyi a ciki, ko shafa shi ka yi ya na ji. Ka huda shi kamar ka huda ƙashin mutum ne. Huhun sa a sama ya ke, in ka kifar da shi kayan cikin sa danne huhun su ke yi. Tuwo da nama kuma su na lalata masa ƙoda, su sa ƙoƙon ya yi tudu-tudu. Ba ya kuka, ba ya ihu, fuskar sa ba ta sauyawa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to shi ina za a tambaya?

Nan ne na ke ganin bakin zaren. Maciji mun ƙi shi mun cuce shi, kunkuru mun so shi mun cuce shi. A duka biyun ba dabbar mu ke kallo ba, kan mu mu ke kallo: tsoron mu, adon mu, camfin mu, kasuwar fim ɗin mu. Tausayin mu kuma ya saba bin abin da ya yi kama da mu. Ɗan akuya in ya yi kuka sai zuciya ta karye, don kukan sa kamar na jariri ne. Wanda ba shi da murya ba shi da gashi, sai mu yanke cewa ba ya jin zafi, don hakan ya fi mana sauƙi. Ni a gani na tausayin da sai an yi masa kuka ya ke motsawa bai gama zama tausayi ba. Addinin da yawancin mu ke bi ya yarda a kashe abin da ke cutarwa, amma ko dabbar yanka an ce a wasa wuƙa kar a wahalar da ita, kuma duk mun san labarin matar da ta halaka saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Ban ga inda aka ce wannan ya tsaya a kan masu gashi ba.

Wani aboki na furodusa da na yi wa wannan magana cewa ya yi: "Haba malam! Mutane na kwana da yunwa, 'yan wasa na bin mu bashi, kai ka na ta maciji?" Ban raina maganar sa ba. Shi ma gardin iyali gare shi, sana'ar gado ce, kuma a Indiya da dokar kare namun daji ta 1972 ta haramta kama macizai, masu wasa da su da yawa sun shiga wahala. Sai dai wasu 'yan ƙabilar Irula na kudancin ƙasar sun kafa ƙungiya a 1978, su na kamo maciji a tatsi dafin don haɗa magani sannan a mayar da shi daji, su na samun na abinci. Mutumin da ya san ramin kumurci, ya san yadda ake damƙar wuyan sa, ilimi ne da shi wanda asibiti ke buƙata, wanda kuma unguwa ke buƙata ranar da maciji ya shiga gida. Mu ne mu ka mayar da ilimin na ɗinke baki, don shi mu ke biya.

Batun yunwa kuwa, barin macijin nan da rai ba zai rage wa kowa loma ba. Hasali ma ƙarin kuɗi aka biya don a kashe shi.

Ba mu kaɗai mu ka taɓa yin wannan ba. Daraktan Italiya Ruggero Deodato ya sa aka yanka ƙatuwar kififiya a gaban kyamara a fim ɗin Cannibal Holocaust na 1980, kuma daga baya da bakin sa ya ce ya yi nadama. A wannan shekarar dai, macijin da aka sare da adda a Friday the 13th na gaske ne. Amma can an daɗe da fara gyara. Birtaniya ta yi doka tun 1937 da ta hana nuna fim ɗin da aka azabtar da dabba wajen ɗaukar sa. A Amurka mutuwar wani doki a fim ɗin Jesse James na 1939 ce ta sa aka fara tura masu sa ido lokeshin. A Indiya tun 2001 akwai ƙa'idar yin rajista kafin a yi wasa da dabba. Hukumomin tace finafinai namu da ke duba rawa da sutura, ba zai gagare su ƙara layi ɗaya a takardar su ba. Kafin nan ma, aikin darakta ne. A nuna macijin ya na tafiya, a yanke, a nuna fuskar miji da taɓarya a sama, a yanke, a sa ƙarar duka, a nuna na roba daga nesa. Ɗan koyo ma ya san wannan, balle yanzu da yaro ke zana maciji da kwamfuta a shagon tace hoto. Wanda ya ce sai na gaske zai fito, gajiyawar sa ya ke faɗa maka.

Fim ɗin ya fito a YouTube kwanan baya, na zauna na kalla don in yi sharhi. Da na zo fitowar sai na duba agogo: daƙiƙa 40 ce. Ɗakin ya yi duhu, kyamara na rawa, kafaɗar jarumi ta tare rabin hoton. In ba an gaya maka ba, ba za ka bambance abin da ke ƙasa da igiyar guga ba. Na mayar baya na tsayar da hoton daidai inda aka matso da kan sa, sai ga baƙin zaren nan a gefen bakin, ko cire shi ba a yi ba.